KASHI GOMA NA SAMA

Shafi na 23

Ke da kika rubuto min cewa "Yesenia, in ba za ki ƙarasa ba me ya sa kika fara," na gani. Na ga na sauran ma, har da mai barazanar za ta daina bibiyata. Ku yi haƙuri. Matar da ke tsaye tun asuba a asibitin wankin ƙoda, ta tashi ta wuce kanti ta sake tsayuwa tana miƙa wa mutane canji, ba kullum take da ƙarfin danna waya ba. Ga shi nan, ku karanta ku bar ni in jiƙa ƙafafuna a ruwan ɗumi.

Mun tsaya ne a inda ni da 'yata Nayeli muke zaune a ƙofar ofishin Malama Pruitt, mai ba ɗalibai shawara kan neman jami'a. Nayeli tana aji na sha ɗaya, shekara guda ta rage mata ta gama sakandare, kuma a wannan zangon ne makaranta ke kiran iyaye a zauna a tsara inda yaro zai nema.

Ƙofar ta buɗe.

"Ku shigo, ku shigo! Madam Barrientos, sannu da zuwa."

"Yesenia kawai," na ce.

Barrientos sunan uban Nayeli ne. Na ajiye masa abinsa tun da muka rabu, makaranta ce dai ba ta da labari.

Muka zauna. Bangon ofishin cike da 'yan tutocin jami'o'i, ga kwanon alewa a kan tebur. Ni kuwa da kayan aikina na zo, ina ta warin maganin wanke ƙasa, sai na ja kujerata baya kaɗan don kar in cika mata hanci.

Malama Pruitt ta fara yabo. Wai Nayeli ba ta taɓa makara ba. Wai malamin sinadarai ya ce ya daɗe bai ga yarinya mai nutsuwarta ba, in har harhaɗa magunguna take son karanta to ta dace. Na riƙa gyaɗa kai, amma raina bai kwanta ba. Na san muryar wanda ke shirin cewa "sai dai," kullum ina jinta a bakin likitoci.

"Malama," na ce, "ki tsallake zuwa wurin sai dai ɗin. Ina da wani aikin da yamma."

Ta yi 'yar dariya, ta gyara gilashinta.

"Kin san dokar jiharmu ta kashi goma?"

"Na taɓa ji."

"Duk ɗalibin da ya gama sakandare yana cikin kashi goma na saman ajinsa, jami'o'in gwamnati na jihar nan za su ɗauke shi kai tsaye. Babbar cikinsu ma ta fi matsewa, ba ta kaiwa goman. To yawancin iyaye da wannan suke fara lissafi."

"Ni ma da shi zan fara. Nayeli ai makinta duk masu kyau ne."

"Masu kyau ne ƙwarai."

"To?"

"Tana cikin kashi talatin na sama."

Na juya na kalli Nayeli. Idonta na kan kwanon alewa.

"Ban gane ba," na ce. "Yarinyar da ba ta taɓa kawo min sakamakon da zan yi faɗa a kai ba?"

"Ba laifinta ba ne. Ajinsu ne da zafi. Da yawa cikin yaran nan tun suna firamare iyayensu suka ɗaukar musu malaman gida, wasu kuma duk hutu suna wani darasin. Tazarar da ke tsakaninsu ƙanƙanuwa ce, amma mutane da yawa ne a cikinta."

"Amma makarantarku ta fi kowace suna a San Antonio. Saboda sunan nan na kwaso kayana na dawo unguwar nan."

"Haka ne. Sai dai dokar ba ta duba sunan makaranta. Kashi goman kowace makaranta ɗaya ne a wurinta."

"Kowace?"

"Kowace."

"Har ta kudancin gari? Wadda in an yi ruwa sai an jera bokitai a ɗakin cin abinci?"

"Har ita."

Shekara uku ke nan da na ɗauke Nayeli daga waccan makarantar, daga layin da aka haife ta, na kawo ta nan arewa inda ko karnuka suna da riguna. Ɗaki biyu muka kama a saman bene, hayarsa ce ta sa na ƙara aikin kanti. Ranar da za mu tashi na tsaya a bakin titi na gaya wa duk wanda ya leƙo cewa 'yata jami'a za ta je, ba za ta ƙare a bayan kanta tana naɗe wa mutane taco, gurasa da nama, ba. Babu wanda ya ce min akwai wata doka mai auna yaro da na kusa da shi kawai.

Malama Pruitt ta ga fuskata, ta yi sauri ta ce, "Ba a rufe mata ƙofa ba fa. Za ta nema kamar kowa. Za a duba rubutun da za ta yi game da kanta, da jarrabawar shiga, da abin da take yi bayan an tashi daga makaranta. Nayeli, kina cikin wata ƙungiya? Wasanni? Aikin sa kai?"

"A'a, Malama."

"To me kike yi in kin koma gida?"

"Ina dafa mana abinci. In yi wanki. In yi karatu."

"Ƙungiyoyin duk sai yamma suke tashi," na ce. "Motar makaranta ta riga ta tafi. Wa zai ɗauko ta?"

Ban san me ya sa muryata ta yi sama ba, ai ba wanda ya tuhume ni.

"Na fahimta," in ji Malama Pruitt. "Akwai kuma kwalejin shekara biyu, in ta yi ƙoƙari a can sai ta tsallaka..."

"Malama, kwalejin shekara biyu tana nan a bayan tsohon gidanmu. Da ƙafa ake zuwa. Ba sai na yi ƙaura ba in ita nake nema."

Na ji kunya na kama ni, don matar ba ta yi min komai ba, aikinta take yi. Na sassauta.

"Bari in tambaye ki abu ɗaya. Da makin nan nata, da a ce tana can tsohuwar makarantarta, ina za ta faɗa?"

Malama Pruitt ba ta dube ni ba. Nayeli ta duba. Kallon bai daɗe ba, amma ni uwa ce, na ga wucewarsa.

"Na ɗauka kun riga kun yi wannan maganar a gida," ta ce a hankali.

"Wace magana?"

"Nayeli?"

"Mami, mu je mota," in ji Nayeli.

"Wace magana, na ce?"

"Don Allah, Mami. A mota."

Na miƙe, na yi wa Malama Pruitt godiya da bakin da ban san ya fita ba. Ta miƙo mana kwanon alewa, ba wanda ya ɗauka.

A mota ban tayar da inji ba. Rana ta gasa kujerun, na sauke gilashi, na ɗora hannu biyu a kan sitiyari.

"Ina jinki."

"Tun bara na sani."

"Kin san me?"

"Dokar. Da inda nake. Na je wurin Malama Pruitt na tambaye ta, ta ce ita ba za ta iya yi min alkawari ba, amma da wuya a ce ban shiga na farko-farko a can ba." Ta haɗiye yawu. "Brisa tana cikin kashi goman."

"Wace Brisa?"

"Brisa ta layinmu."

"Brisa da kike koya wa lissafi a teburinmu tana kuka? Wadda ba ta iya raba goma gida biyu sai ta nemi yatsun ƙafarta?"

"Ta gyaru, Mami."

"Ta gyaru!"

Na yi dariya, irin wadda ba daɗi a cikinta. Wata mata ta wuce da babbar mota fara, ta ɗaga mana hannu kamar ta san mu.

"Tun bara," na ce. "Kina kallona ina fita da duhu ina dawowa da duhu, kin san duk a banza ne, kika yi gum."

"Yaushe zan gaya miki?"

"Ba gida ɗaya muke kwana ba?"

"Kina shigowa kike barci a kan kujera da takalmi a ƙafarki. Ni nake cire miki. In tashe ki in ce, Mami, ƙaurar da kika yi saboda ni ita ta mayar da ni baya?"

Ban san ita ke cire min takalmin ba, na ɗauka ni nake cirewa cikin magagi.

"To yanzu me kuka ƙulla ke da malamar?"

"Ba ruwan Malama Pruitt. Ni ce."

"Ke ce me?"

"Gidan Papi yana cikin yankin tsohuwar makarantata."

Ubanta Rogelio take nufi, amma na dake.

"To ba wuya. Mu ba su adireshinsa, kullum in kai ki da safe."

"Da wane lokacin? Kuma ba sa yarda. Sai in da gaske a can nake zaune, suna turo mutum ya duba."

"Sai mu koma tare. Mu nemi gida a can."

"Hayar gidanmu sai ƙarshen shekara za ta ƙare, ke kika gaya min. Su kuma sun ce in ina so a lissafa ni cikin ajin, sai na shiga kafin hutun tsakiyar zangon nan."

"Sun ce? Su wa suka ce? Wa ya je ya tambaye su?"

Ta juya ta kalli taga.

"Nayeli, wa ya kai ki?"

"Papi."

"Rogelio ya kai ki makaranta."

"Eh."

"Rogelio. Mutumin da ya yi shekara yana cewa gobe zai gyara famfon banɗaki har muka rabu famfon na ɗiga. Shi ne ya tashi ya sa riga mai maɓalli ya je ofishin makaranta."

"Har taye ya ɗaura a wuya."

"Kada ki ba ni dariya, raina a ɓace yake."

Na ɗauko waya na kira manajan kanti, na ce yau ba zan zo ba. Ya fara min ƙorafin wa zai tsaya a madadina, na ce ya tsaya da kansa ya ji yadda take, na kashe. Tun da na fara aikin ban taɓa yi masa haka ba.

"Ina za mu?" in ji Nayeli.

"Gidan ubanki. Ɗaura bel."

Muka hau babban titi. Ni dai lissafi nake a zuci. Ni na yi jinyar ƙyandarta, ni na yi zaman asibiti lokacin da ta karye a hannu, ni na san lambar takalminta ta kowace shekara. Yanzu da ta rage shekara ɗaya, shekarar hoto da rigar yaye ɗalibai da buɗe saƙon jami'a, sai a ce a teburin Rogelio za a yi ta. Ni kuma in zama mai zuwa ranar Lahadi da kwanon abinci a hannu. Na gaji, kuma ban san da wa zan yi fushin ba, shi ya fi ci min rai.

Muka shiga layin. Komai na nan yadda na bar shi, har karen maƙwabta da ke kwanciya a tsakiyar titi sai an kauce masa. Matar da ke sayar da tamale, alalar masarar nan, a kwana ta gane motata, ta miƙe tsaye don ta gani da kyau. Na san kafin in kashe inji labari ya kai ƙarshen layi.

Rogelio yana tsakar gida yana wanke burushin fenti a bokiti. Facin taya ne sana'arsa, ban taɓa ganin hannunsa da wani launi ba sai baƙi, yau ga shi kore shar har gwiwar hannu. Da ya gan mu ya miƙe, burushin na ɗiga a kan takalminsa.

"Yesi..."

"Sunana Yesenia."

"Yesenia. Da ma ina shirin kiranki."

"Gobe, ko?"

Ya sunkuyar da kai. Na wuce shi na shiga gidan, warin fenti ya ja ni har ƙaramin ɗakin baya inda da yake tara tsofaffin tayoyi da batura. An kwashe su. An shafe bangon da kore mai haske, irin wanda Nayeli ke so tun tana ƙarama. Ga gado, ga teburin karatu da fitila.

Ga kuma wata tsohuwa a tsaye kan kujera, ta ba ni baya, tana ƙoƙarin rataya labule.

Na san wannan bayan. Na san wannan ɗaurin gashin.

"Ama?"

Mahaifiyata ce. Matar da ta rantse a gaban coci, ranar da aurena ya mutu, cewa ƙafarta ba za ta sake taka gidan Rogelio ba ko gobara ake yi a nata.

Ko juyowa ba ta yi ba.

"Riƙe min kujerar nan kafin in faɗo, kya yi faɗan daga baya."

Na riƙe. Me zan yi? Shekararta saba'in da wani abu, ga ciwon gwiwa. Na tsaya ina riƙe da kujera tana rataya labulen ɗakin da za a ɗauke min 'ya a saka.

"Ke kika ɗinka?"

"Da wa zai ɗinka, shi? Da buhun taya zai rataya mata."

"Ama, har da ke."

"Miƙo min wancan ƙarfen."

"Ba ke kika ce mutumin nan ko kaza ba za ki ba shi ajiya ba?"

"Har yanzu ba zan ba shi ba. Ni zan riƙa zuwa ina dubawa, gidana ai ga shi nan a bayan layi." Ta sauko da ƙyar, tana dafe da kafaɗata. "Dube ki. Kin rame kamar tsintsiya. Kin ci abinci yau?"

"Kada ki canza magana."

"Ban canza ba, maganar ke nan."

Rogelio da Nayeli suka tsaya a bakin ƙofa. Ɗakin ya yi mana kaɗan.

"Tun yaushe?" na tambaye su duka.

"Tun Kirsimeti," in ji Rogelio. "Ita ta zo ta same ni a wurin aiki. Na ce mata ba zan yi komai ba sai kin sani."

"Shi ya sa ka yi fenti."

"Fenti ai ba ya cizo. Na ce in kin ƙi, sai in mayar da tayoyina."

"Ka ji shi! Shekara nawa kana ganinta Asabar ɗaya a wata, ka saya mata askirim ka dawo min da ita da ciwon ciki. Ka san ranar da take jarrabawar shiga jami'a? Ka san sunan malaminta ko ɗaya?"

"Ban sani ba," ya ce. "Ke kika san wannan, ban taɓa musu ba. Ni abin da nake da shi gida ne a wurin da ya dace. Shi kaɗai ta roƙe ni, kuma tun da aka haife ta ba ta taɓa roƙona komai ba. In ce mata gobe?"

Na fi sabawa da Rogelio mai kame-kame, wannan ban san ta inda ake kama shi ba.

Ama ta zauna a bakin gadon tana murza gwiwarta.

"Yesenia, lokacin da za ki tashi na ce miki ki bar yarinyar nan cikin mutanenta, kika ce min ni ban yi boko ba. Gaskiyarki, ban yi ba. Ban san kashi goma ba, ban san kashi ashirin ba. Abin da na sani, jikata ranar Lahadi kaɗai take cin abinci da mutane. Sauran kwanakin da bango take ci."

"Don wa nake aikin? Don kaina? Kin taɓa ganin na sayi ko ɗan kunne?"

"Wa ya ce don kanki? Ke dai ba kya jin magana sai ta zo da hatimin ofis."

"Kaka, ki bari," in ji Nayeli.

Na juya gare ta. Na ga yadda ta yi tsayi, har ta wuce kafaɗar ubanta, ban san yaushe hakan ta faru ba. Na sauke murya, don ita nake so ta ji ni, ba su ba.

"Nayeli, saurara. Shekara guda ta rage, ba a gama lissafi ba. Zan nemo miki malamin gida irin na yaran can. Zan roƙi a canza min lokacin aiki in riƙa ɗauko ki, ki shiga duk ƙungiyar da kike so. Za ki hau."

"Daga talatin zuwa goma ba a hawa a shekara ɗaya, Mami. Na lissafa. Na sake lissafawa."

"To ki nema kamar kowa! Malamar ta ce ƙofa ba ta rufe ba. Ki rubuta musu labarinki, wa ya fi ki abin faɗa?"

"Wataƙila su ɗauke ni. Wataƙila kuma a'a."

"To kin gani. Saboda wataƙila za ki bar gidan uwarki?"

Tana ta murza igiyar jakarta a yatsa. Na ji dole in tambaya ko da amsar za ta kashe ni.

"Dube ni. A ce gobe Malama Pruitt ta kira ta ce kuskure aka yi, ke ce ta ɗaya a ajin gaba ɗaya. Za ki zauna, ko?"

Rogelio ya kalli silin. Ama ta daina murza gwiwa.

"Nayeli. Za ki zauna, ko?"

"A'a, Mami."

"Me kika ce?"

"Ko ni ce ta ɗaya, ina so in dawo."

Na dafa kujerar da na riƙe wa Ama.

"Dokar gaskiya ce," ta ce. "Ban ƙirƙira ba. Amma da na ji ta, daɗi na ji. Na ce yauwa, ga dalilin da Mami za ta iya karɓa. Shekara uku a ɗakin karatu nake cin abincin rana, a ɓoye, don kar a gan ni ni kaɗai a tebur. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya taɓa ni. Ba sa ganina ne kawai. In dawo gida, ke ma ba kya nan. In kin tambaye ni ya makaranta, kafin in buɗe baki kin ce, ai ta fi ko'ina."

"Da kin gaya min..."

"Na gaya miki a shekarar farko. Kika ce in daure, jami'a za ta share min hawaye."

Na tuna. A mota ne, ina sauri, na ma ɗauka rigimar sabon wuri ce.

Ban yi kuka ba. Ko ƙarfin kukan ba ni da shi, so nake kawai in sami wuri in kwanta.

Rogelio ya yi gyaran murya.

"Akwai abu ɗaya, Yesenia. Ni kaɗai ba zan iya mayar da ita ba. A hannunki kotu ta bar ta. Sun ce sai kin je da kanki kin ce kin yarda, kuma satin nan ne na ƙarshe."

"Au, ashe ina da amfani."

"Ba haka nake nufi ba."

"An yi fenti, an ɗinka labule, an sa taye an je ofis, sai da aka zo wurin da ba a iya tsallake ni sannan aka tuna tana da uwa." Na kalli Nayeli. "In na ƙi fa?"

Ta share ido da bayan hannu.

"In kin ƙi, zan zauna. Zan gama a can, in dafa abinci, in yi wanki, in je duk inda suka ɗauke ni."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ba zan sake roƙonki komai ba, Mami."

Ba da tsiwa ta faɗa ba. Da tsiwa ce da na san yadda zan yi da ita. A hankali ta faɗa, kamar mai ba da saƙo, kuma na san 'yata, in ta ce ba za ta sake ba to har abada ne.

Duk suka zuba min ido, uwata da tsohon mijina da 'yar da na haifa. Na laluba aljihun rigar aikina na ciro makullin mota.

"Yesenia," in ji Ama, "ki yi tunani kafin ki yi magana."

Ban kalle ta ba.

"Nayeli," na ce, "ɗauki jakarki ki shiga mota."

Ba ta motsa ba.